Tandar Manhaja

Ɗiyar yayata tana rubuta manhaja. Ita da abokan aikinta uku suke yi wa wasu makarantu masu zaman kansu na nan cikin Bauchi manhajar waya, irin wadda iyaye ke duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu da sanarwar kuɗin makaranta. Wata Asabar na je gaida mahaifiyarta, na tarar da ita a falo da laftof a cinya, an ɗauke wuta tun safe, caji ya sauka rabi. Ta rubuta layi ɗaya tak, ta danna, ta ajiye kwamfutar a kan kujera ta tafi kawo mini ruwa. Kafin mu gama gaisawa da tambayar mutanen gida, manhajoji shida sun fito a jere, kowacce da sunan makarantarta, da tambarinta, da launinta, huɗu da Hausa da Turanci, biyu da Turanci kaɗai.

"Kawu, ka ga wannan layin?" ta ce. "Wata huɗu na yi ina gyara abin da ke bayansa."

Tun ranar nake bibiyar abin da ke bayan layin nan, kuma na yarda sana'a ce mai zaman kanta, mai wuya, wadda gwanayenta ba su cika samun yabo ba, domin idan sun iya aikinsu babu wanda ke lura an yi wani aiki.

Abin da mai manhaja ke rubutawa, wato kod, rubutu ne da mutum zai iya karantawa, amma waya ba ta jin sa. Sai an bi da shi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta, ta juya shi zuwa yaren inji. Kuma kod ɗin ba fayil ɗaya ba ne. Ɗaruruwa ne, ga hotuna, ga kalmomin da za su bayyana a fuskar waya, ga kayan aro da wasu mutane suka rubuta a wasu ƙasashe ake saukowa da su ta intanet. Dole a tattara su, a juya, a haɗe, a gwada, a rage musu nauyi, a buga musu hatimin mai su, sannan a ƙunshe su cikin fayil ɗaya da zai hau waya. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki bild. Ni haɗi zan kira shi, domin kalmar ta fi zama mini a baki, kuma duk mutumin Bauchi ya san haɗi daga wurin mai masa.

A dubi yadda take yi. Da yamma ta jiƙa shinkafa. Ta kai niƙa, ta haɗa da 'yar dafaffiya, ta sa yis, ta rufe ƙullu ya kwana ya tashi. Da asuba ta ɗora tanda. Ba ta isa ta soya kafin ƙullu ya tashi ba, ba ta isa ta niƙa kafin shinkafa ta jiƙu ba. Amma miyar taushe ba ta jiran ƙullu, murhunta daban, ana iya ɗora ta lokaci guda da suya. Idan gishiri ya zarce a miya, miyar za a sake, ƙullu yana nan lafiya. Idan kuwa shinkafar ce ta zo da matsala, to duk abin da ya biyo bayanta ya tashi aiki. Mai masa tana riƙe da ilimi uku a kanta ba tare da ta taɓa rubuta su ba: me ke jiran me, me za a iya yi a tare, kuma idan abu kaza ya canza, me da me kaɗai za a sake. Mai tsara haɗin manhaja wannan ilimin yake cirowa daga kan mutum ya rubuta shi yadda inji zai bi, yau da gobe, ko mai ilimin yana nan ko ya yi tafiya.

Wanda ya fara yin wannan a tsare shi ne Stuart Feldman, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, a 1976. Labarin yadda abin ya faro sananne ne a tsakanin masu sana'ar. Wani abokin aikinsa, Steve Johnson, ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a manhajar da ya riga ya gyara. Gyaran yana nan a rubuce, sai dai ba a sake haɗa manhajar ba, don haka tsohuwar yake ta gwadawa. Feldman, wanda shi ma irin haka ta same shi, ya zauna ya rubuta wata ƙaramar manhaja ya sa mata suna Make. Dabararta mai sauƙi ce ƙwarai. Za ka rubuta mata cewa wannan abu daga waɗannan yake fitowa, ga kuma umarnin da ake bi a fitar da shi. Ita kuma sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. Idan kayan haɗin sun fi abin da aka haɗa sabunta, ta sake haɗawa. Idan ba su fi ba, ta wuce. Shekara kusan hamsin ke nan, har yau ana aiki da ita, kuma a 2003 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta karrama Feldman saboda ita.

Akwai wani ɗan tabo a jikin Make da nake ganin ya fi kowane darasi koyar da mai tsara abin da wasu za su ara. Feldman ya tsara cewa kowane layin umarni sai ya fara da maɓallin tab, tazarar da ido ba ya bambance ta da tazarar da aka saba. Bai jima ba ya gane wannan zaɓi zai wahalar da mutane. Amma a lokacin mutum goma sha wani abu sun riga sun fara aiki da manhajar, bai so ya rushe musu abin da suka rubuta ba, sai ya bar shi. Har yanzu ɗalibai a duk duniya suna tuntuɓe a wannan wuri. Duk abin da ka tsara don wasu su ɗauka, ƙaramar shawarar da ka yanke ranar farko alkawari ce ka ɗauka, kuma janye ta yana ƙara tsada da kowane mutum da ya dogara da ita. Shi ya sa gwanaye ke jinkiri wajen sa wa abu suna, suna auna shi kamar mai raɗa wa jariri.

Dogaro da agogo ma yana da nasa rauni, kuma mu nan mun fi wasu saninsa. Yawancin kwamfutocin da matasanmu ke aiki da su na hannu ne, wasu ƙaramin batirin da ke riƙe musu kwanan wata ya mutu, da zarar an kashe sai agogo ya koma shekarun baya. Tsarin da ke tambayar "wanne ya fi sabunta?" sai ya rikice. Tsare-tsaren da suka zo daga baya, irin su Gradle da Bazel, wanda Google ya fitar wa jama'a a 2015, sun sauya tambayar. Abin da ke cikin fayil suke dubawa, su lissafa masa wata lamba mai kama da zanen yatsa, wadda ko harafi ɗaya aka canza sai ta canza. Idan lambar kayan haɗi ba ta motsa ba, babu dalilin sake aiki, sai a ɗauko wanda aka riga aka yi daga rumbu.

Wannan rumbun shi ne abu na farko da ɗiyar tawa ta nuna mini da alfahari, kuma na fahimci dalili. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma kamar famfo, idan haɗinsa ya ɗauki minti ashirin sai ya tashi ya sha shayi. A Bauchi minti ashirin wani yanki ne na cajin da ba ka san yaushe za ka sake samu ba, ko fetur ɗin janareta da aka saya da tsada. Kayan aron da tsarin ke saukowa da su kuma data ce, data kuwa kuɗi ce. Saboda haka ta tsara nata yadda za a sauko da komai sau ɗaya, ranar da aka sami intanet mai ƙarfi, a ajiye, daga nan haɗi ya riƙa tafiya ko babu layi ko kaɗan. Gradle yana da umarnin da ke hana shi leƙa intanet, amma umarnin ba ya amfani sai an riga an tabbatar komai na gida. Ta kuma rarraba manhajar kashi-kashi, ɓangaren sakamako daban, na kuɗin makaranta daban, na sanarwa daban, ta yadda wanda ya taɓa ɗaya ba zai jira a sake haɗa sauran ba, kuma kwamfuta za ta iya ɗora su a murhu daban-daban lokaci guda. A ganina matsin da muke ciki makaranta ce mai kyau ga wannan sana'a. Ɓarnar da mai yalwa ba ya gani, mu a aljihu muke jin ta.

Maganar kayan aro tana da wani gefen. Ba ya isa ka ce wa tsarinka "kawo mini kaza". Sai ka faɗi wane zubi, da lambarsa cif, ka rubuta a fayil, ka kulle. In ba haka ba, mai kayan zai sabunta abinsa cikin dare a wata nahiya, gari ya waye manhajarka ta ƙi haɗuwa alhali ba ka taɓa komai ba. A watan Maris na 2016 wani mai manhaja ya janye wani ɗan kod nasa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga babbar ma'ajiyar npm, nan take haɗin ayyuka masu ɗimbin yawa ya tsaya a faɗin duniya, har da manya da kamfanoni ke dogaro da su. Dattawanmu da suka yi aiki a kamfanin Steyr, wanda ya fara haɗa taraktoci da manyan motoci a garin nan a ƙarshen shekarun 1970 da kayan da ake kawowa daga Ostiriya, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Kowane ƙarfe da lambarsa, kowane noti da gurbinsa, kuma rashin ƙaramin abu ɗaya yana iya tsayar da layi gaba ɗaya.

Duk wannan share fage ne. Inda gwaninta take zama gwaninta shi ne wurin sa tsari ɗaya ya yi wa mutane da yawa aiki, kowa ya sami abin da yake so.

Da farko, in ji ta, duk makarantar da ta zo sai su kwafi manhajar makarantar baya gaba ɗaya, su canza suna da launi. Da sauƙi a ranar farko. Da suka kai makaranta huɗu sai aka gano kuskure a lissafin matsakaicin maki, ya zama sai an gyara a wuri huɗu, aka gyara a uku aka manta ɗaya. Ga kuma babbar matsala: mutum ɗaya ne a cikinsu ya san yadda ake fitar da manhajar ƙarshe, a kwamfutarsa kaɗai take haɗuwa, matakan suna cikin kansa. Da ya tafi bautar ƙasa suka yi kwana da kwanaki suna kiransa a waya yana tuno musu abin da ya saba dannawa. Jumlar da ta fi kowace yawo a bakin masu wannan sana'a ita ce "ai a kwamfutata yana yi", kuma daga ranar ta ƙudurta ba za a sake faɗin ta a wurin aikinsu ba.

Abin da ta yi shi ne ta zauna da takarda da biro, kafin ta taɓa kwamfuta, ta raba abubuwa gida biyu: waɗanda ba sa canzawa ko wace makaranta ce, da waɗanda ke canzawa. Na farko su ne tanda. Na biyu su ne ƙullun da kowa zai zuba. Matakan haɗi, gwaje-gwaje, rage nauyi, buga hatimi, duk suka koma wuri ɗaya da babu mai kwafarsa. Kowace makaranta kuma ta sami ɗan fayil nata da bai wuce shafi ba: suna, tambari, launi biyu, harsuna, ko tana son ɓangaren biyan kuɗi ko ba ta so, ko zangon karatunta na boko ne kaɗai ko da na Islamiyya. Gradle, wanda Google ya ɗauka a matsayin tsarin haɗa manhajojin Android a 2013, yana da hanyar fitar da nau'o'i daban-daban daga kod ɗaya, sai dai hanyar ba ta gaya maka inda za ka ja layi. Jan layin nan shi ne aikin, kuma babu littafin da zai yi maka shi, sai ka san mutanen da kake yi wa aiki.

Wani abu da ta yi ya taɓa ni ƙwarai. Android yana ba da damar a ajiye kalmomin kowane harshe a nasu wuri, na Hausa a ƙarƙashin alamar ha. To ta sa wani gwaji a cikin haɗin: idan akwai jumlar Turanci da ba a yi mata Hausa ba, haɗi ya tsaya ya faɗi wacce ce. Haka nan yana duba cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, ba su rikiɗe sun zama alamar tambaya ko ɗan akwati ba, abin da ke faruwa idan wata kwamfuta ta karanta fayil da tsarin haruffan da ba nasa ba. Uwar da za ta buɗe waya a Yelwa ko Fadamar Mada ta ga an rubuta mata "ɗanki ya ci jarrabawa" daidai ba za ta taɓa sanin akwai mai gadi a ƙofa ba. Kula da harshenmu da a da sai wani ya tuna, yanzu ya zama sharaɗin fitar manhaja.

Mafi girman misalin wannan fasaha a duniya yana cikin aljihun kusan kowa a Kasuwar Wunti. Kowace wayar Android, Tecno ce ko itel ko Samsung, a kan zuciyar Linux take tafiya, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Daga tushen kod guda ake haɗa wadda ke cikin waya, da wadda ke cikin na'urar raba intanet, da wadda ke tafiyar da kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne tsarin zaɓinta, mai tambayoyi fiye da dubu goma, da yawansu da amsar a sa, kada a sa, ko a ajiye a gefe sai an buƙata. Kuma tsarin ya san wace amsa ke jan wace, ba zai bar ka ka zaɓi rufi ba tare da bango ba.

Sai dai kada wannan ya ruɗi mai ƙaramin aiki. Jarabar da ke kama duk wanda ya fara jin daɗin sana'ar ita ce ya mayar da komai abin zaɓi. Kowane maɓalli na e ko a'a da ka ƙara yana ninka yawan nau'o'in da za su iya fitowa: goma kawai sun ba ka 1,024, kuma ba ka da ranar gwada su duka. Na tambaye ta yadda take yi idan mai makaranta ya zo da buƙata ta daban.

"Kawu, na farko in ya tambaya, ina ba shi haƙuri ko in yi masa a gefe. Na biyu in ya tambaya, ina rubutawa. Sai na uku ya tambayi abu ɗaya nake buɗe masa ƙofa a cikin tsarin."

Wannan haƙurin na fi yaba mata a kan duk dabarun. Masu Maven, wani tsarin haɗi da ya fito a 2004, sun gina tsarinsu a kan irin wannan tunani: a sa wa komai gurbin da aka saba, wanda ya bi al'ada ba sai ya rubuta komai ba, wanda zai saɓa ne kaɗai zai yi bayani. Fayil ɗin makarantar da ba ta da wata buƙata ta musamman a wurinta layi biyar ne. Sauran duk tsarin ya cike da abin da ya fi dacewa da yawancin mutane, har da tunawa cewa wayoyin iyaye da yawa tsofaffi ne masu ƙaramin wuri, don haka kada manhaja ta yi nauyi.

Akwai kuma amana. Duk abin da zai isa wayar mutane ta hannun haɗi yake bi, don haka wanda ya mallaki haɗi ya mallaki ƙofar gida. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutocin Linux bila adadin. Wanda ya yi aikin ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi, kuma bai sa gubar a kod ɗin da kowa ke karantawa ba. A cikin fayilolin gwaji ya ɓoye ta, ya sa rubutun haɗi, wanda ba kowa ke duba shi ba, ya ciro ta ya cusa. Shi ya sa aikin da mutanen Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, da wasunsu suka daɗe suna yi yake da muhimmanci, na tabbatar da cewa idan mutum biyu suka haɗa kod ɗaya a kwamfutoci daban, abin da zai fito zai zama ɗaya har ƙwayar ƙarshe, yadda kowa zai iya tantance cewa ba a yi masa ƙari a hanya ba. A ɗan ƙaramin matakinta, ita ma ta kiyaye: mabuɗin hatimin kowace makaranta ba ya zama cikin kod ɗin da kowa ke gani, kuma duk canjin da aka yi wa rubutun haɗi sai mutum na biyu ya karanta kafin ya shiga.

Da ina da ta cewa a wurin malaman da ke koyar da kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ko ta Tatari Ali, da na roƙi abu ɗaya: ranar kare aikin ƙarshe, a karɓi kod ɗin ɗalibi a ɗora a kan kwamfutar da bai taɓa gani ba, a ba shi damar umarni ɗaya. Wanda aikinsa ya haɗu a haka ya koyi abin da zai ci abinci da shi a kowane kamfani a duniya, daga ɗakinsa a Bauchi.

Bayan sallar layya na sake komawa gidan. Na tarar da wani yaro ɗalibi da ya zo koyon aiki wurinsu, kwana biyu ke nan da fara zuwansa, ga makaranta ta bakwai ta kawo tambarinta a filashi. Ɗiyar tawa ba ta karɓi kwamfutarsa ba. Ta nuna masa fayil ɗin wata makaranta ta ce ya rubuta irinsa, ta koma kan nata aikin. Ya rubuta suna, ya sa launin kore da fari, ya zaɓi Hausa da Turanci, ya danna. Haɗi ya tsaya, ya ce akwai jumla biyu a shafin sanarwa da ba su da Hausa. Ya ɗago ya ce, "Anti, ya ƙi." Ta ce, "Karanta abin da ya ce maka." Ya karanta, ya rubuta jumlolin, ya sake dannawa. Da aka kira la'asar manhajar tana kan wayarsa, yana juya ta yana nuna wa yayata tambarin makarantar.